Wasan da Bai Fito Ba Tukuna

Ran wata Laraba ce a ƙarshen bazara, irin ranar da hadari kan haɗu ta gabas ya yi baƙi ƙirin, mata su fara kwashe shanya, sannan ya watse ba ko ɗigo, ya bar Tasawa cikin zufa. Tun safe babu kuran, an ɗauke wutar lantarki. Gazali yana zaune kan motonsa a bakin tasha yana jiran fasinja, sai waya ta motsa a aljihunsa. Saƙon mel ne, wasiƙar intanet, da Faransanci. Ya bi shi da ido sama sama, bai ga kalmar ban haƙurin nan da ya saba gani a layin farko ba. Bai ƙara jiran kowa ba, ya tada moto.

Gazali ya bar lakkwal, wato makarantar boko, tun a aji na biyu na kolej, bayan shi da malamin lissafi sun gaji da juna. Kabu-kabu yake yi don cin abinci, amma abin da ya ɗauka aikinsa na gaskiya shi ne shafinsa na bidiyo. Yakan buga wasannin waya yana ɗaukar allon, yana magana da Hausa a kai, ya yi wa ɗan wasan faɗa in ya faɗa rami, ya yaba masa in ya tsallake. Wasannin kyauta duk ya gama da su. Masu kyau kuwa na saye ne, da katin banki, shi ko ko ƙofar banki bai taɓa shiga ba. Daga baya ya ji masu irin aikinsa a ƙasashen waje suna cewa su ba saye suke yi ba, kamfani ke aiko musu da wasa tun bai fito ba, don su gwada su nuna wa jama'a. Daga ranar ya fara roƙo.

Mai rubuta masa roƙon ita ce Espérance, 'yar Baba Irmiya kafinta. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, ta girme shi, har goyonsa ta yi yana ƙarami in uwarsa ta tafi rijiya. Yanzu tana aiki a wani bitik, wato shago, na hotokofi kusa da ofisoshin gwamnati. Ta rubuta masa wasiƙu har ta haddace su. Yawancin kamfanonin ba su ko amsa. Wasu na'ura ce ke amsawa. Wani ya tambaya wane yare ne wannan da yake yi. Wani ya ce yankinsu ba ya cikin tsarinsa. Waɗanda suka fi mutunci sukan tambayi yawan masu kallo, in an faɗa musu sai su yi shiru.

Wannan tambayar ce ke ƙona wa Gazali rai, don lambar da ke kan shafin ƙarya take yi masa. A nan wa ke da forfen intanet na kallon bidiyo sau biyu? Mutum ɗaya ke saukewa, ya tura wa na kusa da shi waya zuwa waya, shi ma ya tura. An taɓa tare shi a kasuwar Issawane, wani makiyayi ya maimaita masa barkwancinsa baki da baki, alhali shafin yana cewa mutum ɗari ne suka kalla. Wani yaro kuwa can a Turai, wanda ko gama wasa ba ya yi, ana tara masa wasanni kyauta kamar buhunan gero a rumbu.

Ya sami Espérance tana fifita da kwali, injin hotokofi a kashe. Ya miƙa mata wayar.

"Yaya, karanta mini. Kar ki tsallake komai."

"Ba ko gaisuwa? Ina kwana, malam ɗan jarida."

"Lahiya lau. Karanta."

Ta karanta a zuci tukuna, yana kallon bakinta. Sai ta ajiye kwalin.

"Wata ce Nabila, daga Tunis. Ta ce su huɗu ne kawai a kamfanin nasu. Sun yi wani wasa na direban tsohuwar mota da ke ɗaukar mutane cikin sahara. Ta kalli bidiyonka, ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta yi dariya. Ta ce ta aiko maka."

Gazali ya zauna kan benci.

"Tsaya, da sharaɗi. Wasan bai hito ba, sai ƙarshen watan gobe. Kahin ranar ba ka nuna shi, ba ka ba kowa, ko hoto ɗaya. Sun sa sunanka a kusurwar allo, don in ya ɓulla wani wuri su san ta inda ya bi. Ta ce in ka riƙe amana, za ta miƙa sunanka ga wasu kamfanoni da suka san juna." Ta ɗago kai ta dube shi. "Kai da bakinka ba ya riƙe ko ruwa."

"Wanga karon zai riƙe."

Ya riƙe kuwa. Ya sauke wasan a gindin dogon ƙarfen sadarwa inda layi ya fi ƙarfi, yana tsaye cikin rana har ƙeyarsa ta yi zafi. Wasan ya fi duk abin da ya taɓa bugawa. Mota na kafewa cikin rairayi, fasinja na ƙorafi, akuya na tsalle daga saman kaya. Can a kusurwar dama, da ƙananan haruffa farare, ga GAZALI TASAWA, duk inda motar ta nufa sunan na biye da ita. Bayan azahar yakan rufe kansa a ɗaki ya ɗauki bidiyo. Ya haɗa guda uku, mafi kyau da ya taɓa yi, ya ajiye su suna jiran rana.

Mutum ɗaya ne ɓoyon ya yi masa wuya a kansa, shi ne Na Allah. Na Allah ke da rumfar caji da turi a bakin kasuwa: pano biyu na hasken rana a kan rufi, allon katako cike da wayoyi masu lamba, tsohuwar odinata, wato kwamfuta, mai cike da waƙoƙi da finafinai da wasanni. Shi ne babban fadarsu, wato majalisar hirarsu ta samari, a gindin rumfarsa suke dafa shayi. Kuma tun farkon shafin haka suke aiki: Gazali ya ɗauki bidiyo ya sa a wani ma'aji cikin wayar, ya bar ta caji ya tafi neman fasinja. Na Allah, da yake shi ke da akwatin intanet mai ƙarfi, sai ya buɗe ta, ya ɗora sabon bidiyon a shafin, ya kwafe a odinatarsa, duk wanda ya zo turi ya ƙara masa da shi kyauta. Ba su taɓa zama sun tsara haka ba. Haka kawai abin ya saba, kuma da hannun Na Allah ne aka san Gazali har ƙauye.

Gazali ya yi ta juya maganar. In ya ce wa Na Allah kar ka taɓa abu kaza, kamar ya kira shi ɓarawo ne a gaban allon cajinsa. In ya faɗa masa dalili, kafin shayi na biyu duk fada ta ji, kuma a fada ba a san wani abu wai nawa ni kaɗai ba. Wanda ya samo sabon abu a waya ya hana, an yi masa suna ke nan har ya tsufa. Sai ya zaɓi ya yi shiru. Ya bar ma'ajin da aka saba da shi babu komai, ya ɓoye bidiyon uku da wasan can wani lungu, ya riƙa cajin wayar a gida duk sanda kuran ya leƙo.

"Kwana biyu ba ka kawo mana komai ba," in ji Na Allah wata rana yana zuba shayi. "Ko an yi maka mata ne a ɓoye?"

"Kaina ne ya toshe, babban yaya."

"Kanka dama a toshe aka kawo shi."

Aka yi dariya, magana ta wuce.

Sai ga ranar da wani dillalin dabbobi ya zo tasha yana neman wanda zai kai shi Gidan Amumune ya jira shi ya dawo da shi. Tafiya ce mai nisa, ba a samunta kullum. Kuran ya kwana biyu bai zo ba, babbar wayarsa ta ɗaukar bidiyo ta mutu murus. Gazali ya tsaya yana tunani da ita a hannu. Tafiya da ita a mace ba amfani, ga girgizar hanya. Barinta a gida ma ba caji. Ya ce a ransa ma'ajin ai babu komai, Na Allah zai leƙa ya ga wayam ya rufe. Ya biya ta rumfar, ya miƙa ta, ya karɓi lambarsa, ya sa ƙaramar wayar kira a aljihu, suka kama hanya.

A Gidan Amumune ne ruwan farko ya sauka. Ya zuba kamar da bakin ƙwarya, kwari ya cika ya yanke hanya, dole suka kwana. Washegari suka taho a hankali cikin laka, ƙasa na ƙamshi, manoma sun fito da sungumi ko ta ina suna shuka. Gazali har waƙa yake yi.

A bakin gari ya tsaya shan mai wurin mai isansin kwalba. Mutumin bai ko ɗago ba, ya duƙufa kan waya yana karkata ta hagu da dama. Gazali ya ji kukan akuya daga cikin wayar, kukan da ya sani. Ya leƙa. Mota ce kafe cikin rairayi, ga fararen haruffa a kusurwa.

"Ina ka samo wanga?"

"Wurin Na Allah mana. Kowa na da shi." Ya ɗago, fuskarsa ta washe. "Kai, ashe kai ne. Gazali, ashe har wasa kake ƙerawa ba mu sani ba? Lita nawa? Yau ba sai ka biya ba."

Gazali bai tuna yadda ya sauke dillalin ba. Ya dai ga kansa a gaban rumfar, mutane biyar a kan benci, kowa da waya a karkace, akuyoyi biyar na kuka. Na Allah ya taso da hannu biyu a buɗe.

"Ga mai suna a allo. Munahiki, wannan ne kan da ya toshe?"

"Wa ya ce ka taɓa?"

"Wa ya taɓa cewa in taɓa? Na buɗe na ga wayam, na ce yaron nan ba ya zama haka, na bincika. Sai ga bidiyo uku sun nuna, sun fi na kullum. Na ɗora maka su duka jiya, layi kamar ruwa. Ka duba lambar masu kallo, ba ka taɓa samun irinta ba."

"Ka ɗora su a shahina?"

"To a shahin wa zan ɗora, na kakata?"

"Wasan fa?"

"Wasan da ke da sunanka? Ko dala ban karɓa ba. Na ce wa kowa na ƙanena ne, a kai gida a nuna wa yara. Direbobin Maradi ma sun ɗauka."

Gazali ya faɗa masa komai a tsaye, da Nabila, da ranar fita, da dalilin sunan. Benci ya yi tsit, sai akuya ɗaya da mai ita ya manta bai kashe ba.

Na Allah ya saurara har ƙarshe, sannan fuskarsa ta sauya.

"To mi ya hana ka faɗa mini?"

"Da na faɗa maka da fada duk ta ji."

"Au. Haka ka ɗauke ni." Ya gyaɗa kai a hankali. "Tun ba ka da mai kallo ko ɗaya nake tura ka cikin wayoyin mutane, wasu har zagina suke wai na cika musu wuri da surutunka. Wata da ba ta taɓa ganin ka ba ta ce ka ɓoye, ka ɓoye mini. Ni ne baƙo, ita ce 'yar gida."

"Amana ce aka ba ni."

"Ni da ka bar mini waya a buɗe shekara da shekaru, ba amana ba ce? Wasa ne fa, Gazali. An kwafa, nasu bai ragu ba. Na ɗauki buhun wani ne?"

"Ba ka gane ba."

"I, ban gane ba. Ban yi kolej ba." Ya zare wayar daga allon, ya ajiye ta kan tebur maimakon ya ba shi a hannu. "Ta cika. Kawo lambata."

Gazali ya goge bidiyon uku daga shafin tun yana kan hanya, amma sun riga sun kwana a waje. Da ya isa bitik ɗin hotokofi, saƙon Nabila na jiran sa. Espérance ta karanta, wannan karon ba ta yi masa tsiya ba.

"Ta ce wasan ya kai wani wuri a intanet inda ake sauke kayan sata, da sunanka a jiki. Ta ce shekara uku suka yi suna aikinsa, ɗayansu motarsa ya sayar. Ta kai ƙarar bidiyon ukun wurin masu dandalin da shafinka yake tun jiya. Tana tambaya nawa aka ba ka."

"Nawa aka ba ni?" Ya miƙe tsaye. "Ni? Rubuta mata. Ki ce ban taɓa sayar da ko allura ta wani ba. Ki ce rana na sha na sauke shi, ɗaki na rufe kamar mai jego, abokaina na yi wa ƙarya saboda ita. Ki ce in da suna da kuran ɗin da ke tahiya kwana biyu, da sun san mi ya sa mutum ke barin waya hannun wani. Ki tambaye ta, yaran can da ake tara wa wasanni, wa ke sa musu suna a allo kamar tambarin jaki?"

"Su ma ana sa musu."

"Rubuta dai."

"Ba zan rubuta jaki ba." Ta jawo allon rubutu. "Zan ce mata ka bar waya wurin caji, mai cajin ya ga sunanka ya yi murna ya raba. Shi ne gaskiya."

"Ki ƙara da cewa nan haka ake yi. Abin da ya shiga waya ɗaya ya shiga ta kowa."

"Ka tabbata kana so ta ji haka yanzu?"

Ya koma ya zauna kan benci. Ta rubuta abin da ta ga ya dace, ta karanta masa, ya ce ya yi sanyi da yawa, kamar mai roƙon gafara. Ta ce ai shi ne. Suka aika.

Amsar ta zo washegari da hantsi, gajeriya. Nabila ta ce wataƙila gaskiya yake faɗa, amma hakan bai mayar da komai ba. Ta ce dole ta sanar da sauran kamfanonin da suke musayar sunaye, don kar abin ya sami wani. Ƙarar kuma ba za ta janye ba, abokan aikinta ba su yarda ba. Kafin la'asar ya buɗe shafinsa ya tarar da farin allo da layi ɗaya. Bai nemi a fassara masa ba. Ƙara uku a lokaci guda, sai a rufe shafi, dokar dandalin ke nan.

Ya yi kwanaki yana kai ƙorafi ta hannun Espérance, na'ura na amsa masa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai san inda zai ajiye fushin ba. In ya kai shi Tunis, sai ya tuna mutumin da ya sayar da motarsa. In ya kai shi bakin kasuwa, sai ya tuna hannu biyun da aka buɗe masa. In ya dawo da shi kansa, sai ya ce to shi me ya yi, ban da riƙe baki kamar yadda aka ce masa? Sai fushin ya koma kan fasinja, da ramukan hanya, da kuran da ya dawo ranar da ba a buƙatarsa.

Gari kuwa bai san an yi rashi ba. A tasha ana kiransa mai wasa. Wata tsohuwa da ya ɗauko daga asibiti ta ce jikokinta sun hana ta barci da akuyarsa, Allah ya yi masa albarka. Wani malamin lakkwal ya tare shi yana tambaya yaushe na biyu zai fito, kuma ko zai sa raƙumi. Gazali ya ce masa ba shi ya yi ba. Malamin ya yi murmushi ya ce tawali'u abu ne mai kyau.

Espérance ta ce ya buɗe sabon shafi da wani suna, za ta rubuta masa wasu wasiƙun. Ya ce sunan wa zai ara, na Baba Irmiya? Ta ce in ya ga dama ya ari na akuyar. Bai yi dariya ba, amma bai ce a'a ba. Babbar wayar yanzu can wata rumfa yake kai ta a bayan tasha, wurin wani mutum da bai san shi ba, a kulle. In hanya ta bi da shi ta bakin kasuwa yakan ɗaga hannu, Na Allah ma ya ɗaga, ba mai tsayawa.

Abin da ya tafi ke nan: shafi ɗaya, da bidiyo tamanin da huɗu, waɗanda rabinsu babu kwafinsu ko'ina sai a odinatar da ba zai je ya roƙa ba, mabiya ɗari shida da 'yan kai, kamfani ɗaya tilo da ya taɓa cewa to, da sauran da ba za su ce ba, wurin zamansa a benci, da kofin shayi uku na kowace yamma.